Tsofaffin bindigogin farauta na Ingila: A harba su, amma kada a yanke su

A Ingila akwai bindigogin farauta masu baki biyu da suka haura shekara 100 amma har yau suna aiki. Kamfanoni irin su Purdey, wanda aka kafa a Landan a 1814, da Holland & Holland da ya samo asali a 1835, da hannu suke ƙera su, a yi musu zane a jikin ƙarfe, a sassaƙa ƙotar daidai tsawon hannun wanda ya ba da aikin. Yanzu jikoki sun gaje su, kuma muhawara ta kaure: shin a gyara su daidai da zamani a ci gaba da farauta, ko a rufe su a akwati a matsayin kayan tarihi?

Abin da ya ƙara hura wutar muhawarar shi ne dalma. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin harsashin irin wannan bindiga da dalma ake yin su, tsuntsaye kuma na haɗiye waɗanda suka zube a fadamu su mutu. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Ingila ta kafa irin wannan doka a 1999.

Madadin da ya fi araha shi ne ƙwayoyin ƙarfe, sai dai sun fi dalma tauri, suna iya kumbura bututun tsohuwar bindiga, musamman mai matsattsen baki. Bugu da ƙari, yawancin tsofaffin bindigogin Ingila an yi su ne don harsashi mai tsawon milimita 65, alhali na milimita 70 ne ya cika kasuwa. Wasu ma bututunsu na Damaskas ne, wato siraran ƙarafa da aka murɗe aka haɗe a maƙera, tun zamanin baƙin albarushi.

Masu goyon bayan gyara suna da hujja. A ganinsu bindiga kayan aiki ce, kuma maƙeran da suka yi ta ba don ado suka yi ta ba. Shi ya sa suke faɗaɗa mazaunin harsashi, su buɗe bakin, ko su yanke tsohon bututu a dasa sabo. Masu tara kayan tarihi kuwa sun fi son kada ko ƙusa ɗaya a taɓa.

Kowane ɓangare ya wuce gona da iri. Bindigar da aka kulle shekara da shekaru ba ta tsira daga tsatsa ba, kuma idan aka daina amfani da irinta, 'yan tsirarun maƙeran da suka iya gyaranta za su rasa aiki, ilimin ya bi su kabari. Amma ƙarfen da aka kankare ba ya dawowa. Wanda ya yanke bututun Damaskas mai lafiya don ya sayi harsashi mai sauƙin kuɗi ya rage darajar bindigar, ya kuma yanke hukunci a madadin magadansa.

Ma'aunin da ya dace shi ne: ana iya mayar da gyaran yadda yake? Ƙara roba a ƙota don ta yi daidai da kafaɗa, ba tare da an datse katakon ba, babu laifi. Haka sayen gajeren harsashi, ko mai ƙwayoyin bismut da ke da laushi kusan kamar dalma, ko da yake ya fi tsada. Dasa sabon bututu kuwa a bar shi ga bindigar da nata ya riga ya cinye. Wadda babu irinta da yawa, ko mai tarihi na musamman, a bar ta yadda take.

Batun rai ya fi duk wannan. Birtaniya na da gidajen gwajin bindiga a Landan da Birmingham, na biyun tun 1813, kuma laifi ne a sayar da bindigar da aka faɗaɗa wa mazaunin harsashi ba a sake gwada ta ba. Don haka kafin a sa wa bindigar kaka harsashi, ƙwararren maƙeri ne zai fara auna kaurin bututunta. Idan ya ce ta yi siriri, bango ne wurinta.