GUBA A CIKIN AKWATIN LEFE

An shiga wani zamani da akwatin lefe ba ya cika sai da jerin mayukan shafawa, alhali da yawa daga cikin samarin da ke haɗa akwatin ba su san abin da ke cikin kwalaben da suke biyan kuɗinsu ba. Akan miƙa kuɗi ga mai kanti ko wata gwaggo a ce ta zaɓo "mai kyau", kuma abin da ake nufi da mai kyau a bakin kasuwa shi ne wanda zai ɗashe fatar amarya tun kafin a gama cin amarci. Ta haka ne matashin da ke sahun gaba a masallaci, wanda ba zai taɓa yarda a shiga masa gida da kwalbar giya ba, yake ɗaukar guba da hannunsa ya kai wa matar da Allah Ta'ala Ya ba shi amanarta.

Wannan musiba ta wuce a kira ta wasan 'yan mata. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo wani bincike da ya nuna kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya da aka tambaya suna shafa man canza launi a kai a kai. A 2023 kuma hukumar NAFDAC da kanta ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Lamarin har ya kai ga ana samun iyaye mata masu shafa wa yara ƙanana, don kada dangin miji su ce an haifo musu baƙi.

Abubuwa uku ne aka fi samu a cikin waɗannan mayuka. Na farko shi ne zaiba, wadda ke hana fata yin sinadarin melanin da Allah Ya sanya ya zama garkuwa daga zafin rana. Zaiba tana ratsa fata ta shiga jini, ta lalata ƙoda, ta taɓa jijiyoyi har ta kawo rawar hannu da mantuwa, sannan takan isa ga ɗan tayi a ciki da jariri ta hanyar nono. Hasali ma takan maƙale a tawul da zanen gado, ta yadda miji da 'ya'ya za su samu rabonsu ba tare da sun shafa ba. Na biyu shi ne haidirokinon, magani ne da likita kan rubuta na ɗan lokaci saboda tabo, amma idan aka daɗe ana shafa shi sai kumatu su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar warkewa. Na uku su ne magungunan siteroyid irin su kulobetasol, waɗanda aka yi domin cutar fata ta 'yan makonni. Wadda ta mai da su man yau da kullum, fatarta takan yi laushi har a riƙa ganin jijiyoyi, nankarwa ta fito, ƙuraje su yi yawa, ciwo ya ƙi warkewa, kuma ƙofar hawan jini da ciwon sukari ta buɗe. Ranar da haihuwa ta zo da gardama aka buƙaci tiyata, a nan ne ake gane fatar ba ta riƙe ɗinki yadda ya kamata.

Duniya ta daɗe da sanin haka. A garin Minamata na ƙasar Japan aka gano a 1956 irin ɓarnar da zaiba ke yi wa ɗan Adam, bayan wata masana'anta ta yi shekaru tana zuba dagwalonta a teku. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar ƙasa da ƙasa a 2013, wadda ta taƙaita zaiba a kayan shafa zuwa kashi ɗaya cikin miliyan, sannan a 2023 aka sanya 2025 a matsayin wa'adin fitar da ita gaba ɗaya. Tarayyar Turai ta hana haidirokinon a kayan kwalliya tun 2001, Kodebuwa kuma ta haramta mayukan bilicin a 2015. To, me ya sa abin da aka kora daga kantunan Turai yake nan jibge a tasha da bakin titi a ƙasar Hausa? Mafi muni ma shi ne wanda ake kira haɗin gida, wanda ake damawa a roba a bayan shago, babu suna, babu lamba, babu wanda zai faɗi abin da aka zuba a ciki.

Tushen cutar yana cikin ƙwaƙwalwa. Mulkin mallaka ya tafi ya bar wa waɗanda ya mallaka tunanin cewa duk abin da ya yi kama da Bature shi ne mai daraja, sai 'yan jari hujja suka mai da wannan rauni hanyar cin abinci. Kamfanin Unilever ya fito da man Fair & Lovely a Indiya a 1975, ya yi shekaru 45 yana tallar cewa hasken fata ne mabuɗin aure da aiki, sai a 2020 da matsin lamba ya yi yawa ya canza masa suna zuwa Glow & Lovely. Alhali Alƙur'ani mai girma, a aya ta 22 ta Suratur Rum, ya lissafa bambancin harsuna da launukan mutane cikin ayoyin Allah. A Suratun Nisa'i aya ta 119 kuma an bayyana cewa umurni da canza halittar Allah yana daga cikin alkawuran da Shaiɗan ya ɗauka a kan 'yan Adam. Manzon Allah (S.A.W.) ya rushe fifikon launi a Hajjin Bankwana, ya mai da ma'auni ga taƙawa, kuma Bilal ɗan Rabaha, baƙin mutum, shi ya zaɓa ya kira salla. Wane uzuri ya rage ga Musulmin da ke jin kunyar launin da Mahaliccinsa Ya zaɓa masa?

Sauran kayan kwalliyar ma suna buƙatar a buɗe ido. Man miƙar da gashi da yawansa soda ce mai ƙuna, shi ya sa yake sale fatar kai. A 2022 wani babban bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, wanda ya bi mata fiye da 33,000, ya nuna masu amfani da shi fiye da sau huɗu a shekara haɗarin sankarar mahaifa gare su ya ninka na waɗanda ba sa amfani da shi. Baƙin ƙunshi na dayis kuwa rinin gashi ne ake zana wa fata, yakan sa ƙaiƙayi da kumburi har da ɗuri ruwa, saɓanin jan lalle na gargajiya. A 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da sakamakon gwajin jan baki iri 400, ta samu ɓurɓushin dalma a ciki, ko da yake ta ce adadin bai kai na cutarwa ba. Waɗannan na kamfanonin da ake sa wa ido ke nan. Ina ga ɗan kwalin man jan leɓe marar suna da wasu samari ke saye a tasha?

Hatta kwalli sai an yi hattara. Sanya tozalin ismid sunna ce, amma ba duk dutsen da ake niƙawa a kasuwa ne ismid ba, wani tamar dalma ce. A 2011 aka samu dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya, a birnin Boston, da aka gwada kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Al'ummar da ta binne yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 saboda gubar dalma daga haƙar zinariya ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani a kan wannan ƙarfe.

Yana da sauƙi a ɗora laifin duka a kan mata, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke aika wa 'yan uwansa mata cewa su nemo masa fara? Wa ke yi wa mace kirarin farar mace alkyabbar mata a majalisa, ya kuma yi wa baƙa ba'a? Wa ke tsaye a bayan kanta yana dama haɗin? Budurwa tana ganin ƙawayenta masu shafe-shafe suna shigewa ɗaki ita tana zaune, matar aure tana jin tsoron a yi mata farar kishiya. Kasuwar nan idon namiji ne ya buɗe ta, kuma shi ke iya rufe ta. Abin takaici, yanzu har an fara ganin samari da fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, suna miƙa hannu a gaisa bayan salla.

Musulunci bai hana ado ba. Ya kwaɗaitar da tsafta da asuwaki da turare da gyaran gashi, ya kuma so mace ta yi wa mijinta kwalliya shi ma ya yi mata. Ma'aunin shi ne kada abin ya cutar da jiki, kada ya canza halitta, kada ya zama yaudara ga mai neman aure, kada kuma ya hana ruwan alwala isa ga fata kamar yadda jan farce yake yi. Man kaɗanya da sabulun salo da jan lalle duk sun tsallake wannan ma'auni, kuma kuɗinsu a hannun matan karkara yake tsayawa.

Saboda haka wajibi ne ga kowane ɗan uwa mai shirin aure ya duba abin da zai shiga akwatinsa da idonsa. Ya karanta jikin kwalba, ya nemi lambar NAFDAC, ya ajiye duk wanda ba shi da jerin abin da ke ciki ko yake alkawarin haske cikin kwana bakwai. Sabon mai ko rini a fara gwada shi a ɗan wuri a cikin hannu, a jira kwana biyu a gani. Wanda matarsa ko ƙanwarsa ta riga ta yi nisa, ya bar gori da tsawa, ya kai ta wurin likitan fata, domin yanke siteroyid farat ɗaya yakan tayar da fata fiye da da. Ɗan uwan da ke sayar da irin wannan haja ya sani cewa ribar da aka ci a kan ƙodar 'yar Musulmi za a tambaye shi a kanta, gara ya canza kaya tun da sauran lokaci. Masu wa'azi da malaman Islamiyya su ma su sanya batun cikin karatunsu.

Matashin da ke da'awar ƙin jinin zalunci, gidansa ne wuri na farko da za a auna gaskiyarsa. Ranar da 'yar uwa Musulma ta tabbata cewa addininta da halinta ake nema, ranar ce kasuwar masu dama guba za ta mutu. Allah Ta'ala Ya shiryi matasan Musulmi, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kuma kare zuriyar wannan al'umma.