Daji biyu a kan tsohon soja

Ranar 10 ga Nuwamba 1987, Janar Seyni Kountché, shugaban mulkin sojan Nijar, ya rasu a wani asibiti a birnin Paris bayan jinyar ƙari a ƙwaƙwalwa. Ya shiga sojan Faransa tun yana saurayi, ya ga yaƙi a Indochina da Aljeriya, ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974, sai ga shi ciwo ne ya kwantar da shi. Yau babban filin wasa na Yamai sunansa yake ɗauke da shi.

Janar ya samu likitocin Faransa, ya kuma samu masu tuna shi. Abin da ke sosa rai shi ne halin kurtun da ya yi yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, ya ajiye kaki, ya dawo gona a Batsari ko Safana. Waɗanda suka rage a cikin irin waɗannan sojoji duk sun haura saba'in, shekarun da sankarar mafitsara ta fi kama maza.

Irin wannan dattijo ba ya raki. Za a gan shi kan tabarma a ƙofar gida, rediyo a gefe, buta kusa da ƙafarsa saboda fitsari ya hana shi sakat. Ya ga jini ya yi shiru, don kunyar 'ya'ya. In aka tambaye shi jiki, sai ya ce, "Da sauƙi, Alhamdu lillahi." Idan rama ta bayyana, wani ya ce jifa ne, wani ya ce sammu, a yi ta jiƙe-jiƙe wata da watanni. Kafin a kai shi asibiti, ciwon dajin ya riga ya ci jiki.

Ga kuma ɗaya dajin. Shekarun da 'yan bindiga suka yi suna fitowa daga Dajin Rugu sun raba mutanen yankin da shanu da gonaki, wato dukiyar da a da ake sayarwa a yi jinya. Dajin waje ya cinye abin hannu, na cikin jiki yana cin mai gida.

Duk da haka akwai abin yi. A da, mai neman gashin sankara sai ya nufi Shika a Zariya ko Sakkwato. A 2025 an buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar da mutumin Batsari zai yi ya dawo a yini guda.

Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da mazan jiya. Ya kamata ƙungiyar tsofaffin sojoji da shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana su haɗa wannan rana da gwajin lafiya kyauta, limamai su faɗa a huɗuba cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Sauran aikin na cikin gida ne. Ɗan da ya lura Baba yana tashi sau biyar cikin dare, ya daure ya tsuguna gabansa da safe ya ce, "Baba, a shirya, yau za mu Katsina ganin likita."