Koha biki ce, amma mu ci kawai muka iya, ba mu ramawa

Yau maganar ɗakunan karatu na kawo, kuma na san tun daga nan wasu za su ja yatsa su wuce. Ku yi haƙuri ku tsaya, don maganar ta shafi kuɗin ƙasa, ta shafi ɗiyanmu da ke lakwal, ta kuma shafi harshenmu.

Kwanaki na raka ƙanena wani bibliyotek, ba zan kama suna ba, shina neman littafi guda don memuwar ɗinsa. Mai kula da wurin dattijo ne mai kirki. Ya ɗauko wani ƙaton kaye wanda gara ta ci gefensa, ya yi ta bin layi da yatsa har muka gaji da tsayuwa. A kusurwa ga kwamfuta biyu an lulluɓe su da zane. Na ce, "Baba, waɗannan fa?" Ya ce, "Ai ɗana, na furoje ne. An zo an yi muna formasiyo kwana biyar, an ba mu perdiyam, an ɗauki hoto. Wanda ya san modepas ɗin an yi mishi afektasiyo, furoje kuma ya ƙare. Shi ke nan." Duk littattafan da aka sha wahalar shigarwa suna nan cikin injin, a rufe, kamar an binne su.

Abin da ya fi ɓata mini rai, manhajar da ke cikin kwamfutar nan irin buɗaɗɗun nan ce na kyauta. Babu kamfanin da ya kulle ta, babu lasisin da ya ƙare. Duk yaron da ya karanci informatik da gaske zai iya buɗe ta ya fiddo bayanan cikin yini guda. Abin da ya kulle ta halinmu ne: an ba mu, mun karɓa, mun zauna jiran mai bayarwa ya dawo.

Bari in ba ku labarin ɗaya daga cikin manhajojin nan, mai suna Koha, ku ga yadda wasu suka yi da irin matsalarmu.

A 1999, a ƙasar New Zealand, akwai wani ɗan ƙaramin yanki da ake kira Horowhenua, babban garinsa Levin, wanda ko kusa bai kai Maradi yawan jama'a ba. Tsohuwar manhajar ɗakunan karatunsu ba za ta iya tsallake shekarar 2000 ba, saboda matsalar kwanan wata da ta tsorata duniya a lokacin, waɗanda ake sayarwa kuma sun fi ƙarfin aljihunsu. Sai suka ɗauki wani ƙaramin kamfani mai suna Katipo ya rubuta musu tasu. Cikin ƴan watanni aka gama, a watan Janairu na 2000 ta fara aiki. Daga nan suka yi abin da ya sa har yau ake ambatonsu: suka saki manhajar ga duniya a ƙarƙashin lasisin GPL, kowa ya ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara, ya ƙara, da sharaɗin in zai raba gyaransa ya bar shi a buɗe shi ma. Dalilinsu mai sauƙi ne. Ko kamfanin ya mutu gobe, ɗakin karatu ba zai mutu tare da shi ba.

Sunan da suka sa mata, koha, kalma ce ta harshen Maori, mutanen asali na ƙasar. Ana fassara ta da kyauta, amma irin kyautar da ake kaiwa wurin taro, wadda ke ƙulla zumunci, wadda ake sa ran wata rana za a mayar. Uwayenmu mata sun san wannan sarai. Shi ne biki. Ka ga mace ta kai wa ƙawarta jika biyu ranar suna, ta san ranar nata za a kawo mata har da ƙari. Wadda kuwa ke karɓa ba ta ramawa, ba a jimawa sunanta ke fita daga bakin mata.

Haka sauran duniya suka fahimce ta. Wani Bafaranshe, Paul Poulain, ya shiga tun farkon shekarun 2000 ya yi aikin da ya sa ta iya magana da harsuna da yawa. Wani ɗakin karatu a Nelsonville, jihar Ohio ta Amurka, ya zuba kuɗi aka ƙara mata tsarin MARC, wato ƙa'idar da ɗakunan karatu na duniya ke bi wurin rubuta bayanin littafi. Yau ɗakunan karatun gwamnati sama da 1,000 a Turkiyya da ita suke aiki. Da wani kamfanin Amurka ya nemi mallake sunan Koha a New Zealand, a 2011 ƙaramin ɗakin karatun nan ya yi kuka, jama'a daga ƙasashe daban-daban suka tara gudummuwa, a 2013 hukuma ta yi watsi da buƙatar kamfanin. Abin da gayya ta gina, gayya ce ta kare shi.

Har gobe aikin bai tsaya ba. Sau biyu a shekara, watan Mayu da watan Nuwamba, ake fitar da sabuwar Koha, lambarta ma shekara da wata ce, kamar 24.05 ko 24.11. Ana fitar da labaran al'ummar a kai a kai: wa ya gyara me, ina za a yi taro, wane ɗakin karatu ya shigo. Kowane gyara sai wani daban ya gwada shi ya sa hannu, sannan masu tantance inganci su duba, kafin a shigar da shi. Tare da kowace sabuwar fitowa kuma ana jera sunaye: waɗanda suka rubuta, waɗanda suka gwada, ɗakunan karatun da suka biya kuɗin wani gyara, da harsunan da aka fassara ta, kowanne da kason da ya kai cikin ɗari. Za ka ga Faransanci, za ka ga Larabci, za ka ga Turkanci, za ka ga harshen Armeniya, ƙasar da mutanenta kimanin miliyan 3 ne kawai. Ni dai idona bai taɓa faɗawa kan Hausa a jerin nan ba, bai kuma taɓa faɗawa kan sunan wani ɗakin karatu na Maradi ko Damagaram ko Tawa ba. In akwai wanda ya gani, ya nuna mini, wallahi zan yi murna.

Kar wani ya ce mini abin na Turawa ne. A 2015 babban taron Koha na duniya a Ibadan aka yi shi, nan Najeriya maƙwabciyarmu. Mota ke zuwa.

Kar kuma a ɗauka tallar Koha nake. A ƙasashenmu masu aiki da Faransanci an fi sanin PMB, wadda wani ma'aikacin ɗakin karatu, François Lemarchand, ya faro a Faransa a 2002, ita ma a buɗe take. Tsofaffin ma'aikata kuma sun san CDS/ISIS da UNESCO ta rarraba. Ko wacce aka ɗauka, ciwon guda ne. Muna zama ƴan amshi.

To me za mu kai, mu da ba mu da kuɗi? Muna da abin da babu wanda zai iya kaiwa sai mu.

Na farko harshe. Tun watan Maris na 2025 kundin da ke mulkin ƙasar nan ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Amma harshe ba ya zama na ƙasa a takarda kawai. Yarinyar da ta yi karatun yaƙi da jahilci da Hausa, in ta tsaya gaban kwamfutar bibliyotek, da wane harshe injin zai ce mata ta nemi littafi? Fassarar Koha a buɗe take a intanet, a wani dandali mai suna Weblate, layi-layi, kowa na iya shiga. Ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Malaman harshe, ƴan jaridar rediyo da ke fassara labarai kullum, ɗalibai, in mutum goma suka raba shafin da mai karatu ke gani, ba aikin shekara ba ne.

Na biyu haruffanmu. Wanda ya rubuta "kasa" a wurin bincike, shin zai samu littafin da aka shigar da "ƙasa"? Mu nan muna rubuta "ƴan", a Kano da Zariya suna rubuta "'yan", littattafansu kuma cike suke da kasuwanninmu. Marubuci guda za ka tarar an rubuta shi Ousmane dan Fodio a wani littafi, Usman ɗan Fodiyo a wani, da ajami a na uku. Manhajar tana da hanyar haɗa waɗannan duka su koma suna guda, injin bincikenta kuma ana iya koya masa ya ɗauki k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ a matsayin dangi. Amma wa zai zauna ya yi wannan? Mai rubuta manhaja a Marseille ko Wellington bai san akwai ƙ a duniya ba. In ba mu kai ƙorafi ba, ba mu gwada gyaran ba, haka abin zai zauna har abada.

Na uku littattafanmu. Littafin da aka buga a Paris ba sai ka wahala ba, manhajar na iya jawo bayaninsa daga babban ɗakin karatun Faransa cikin daƙiƙa. Amma littattafan Hausa da Zabarmanci da ake bugawa a Yamai, da littattafan soyayya na Kano da matanmu ke aro, da memuwar ɗin da ɗalibai ke rubutawa kowace shekara a jami'ar Abdou Moumouni, da ta Dan Dicko Dankoulodo, da ta André Salifou, da ta Djibo Hamani, da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da ke ajiye a IRSH tun ƙoƙarin marigayi Boubou Hama, waɗannan mafi yawansu in ba mu shigar da su ba babu mai shigarwa. Littafin da ba ya cikin katalog kuwa daidai yake da wanda ya ɓata. Shi ya sa ɗalibi a Damagaram zai kashe shekara kan binciken da wani ya riga ya gama a Maradi, ba tare da ya sani ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, wa ke ta littafi. Gaskiya ne ana fama. Amma ba sabon kuɗi nake roƙo ba. Kwamfutocin an riga an saye su, suna ƙarƙashin zane. Kuɗin atiliye ɗaya, da bandarol ɗinsa da shayinsa da perdiyam ɗinsa, zai biya matashi guda ya kula da injinan ɗakunan karatu da yawa na tsawon lokaci.

Za a ce ba wuta, ba rezo. Koha da PMB duka suna aiki a kan kwamfuta guda ko cikin gida ɗaya ba tare da intanet ba. Wuta kuwa, mai cajin talho a bakin tasha ya warware tasa da faranti da baturi. Meri ba ta kai shi dabara ba ne?

Za a ce abin kyauta ba ya da inganci, gara a sayi na kamfani. Wannan maganar ku lura da bakin da take fitowa. Sau da yawa bakin mai son a ba da kwangila ne, don manhajar da ba a saye ba ba ta da kamisho. Ta kamfani ranar da ka kasa biyan kuɗin shekara za ka gane bayananka a hannun wani suke. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ga shi kuma yanzu kowa na maganar ƴancin kai. Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2025, ita ce kuwa ƙungiyar da ta kawo tsarin ɗakunan karatun CLAC. To mun ce mun iya da kanmu. Ga wurin gwaji nan, ƙarami, mai arha. Ƙasar da ba ta iya riƙe lissafin littattafanta da kanta, da wane baki za ta yi maganar sauran?

Abin da nake nema kaɗan ne. Shugabannin jami'o'i su ba ɗaliban informatik da na harshe wannan a matsayin aikin ƙarshen karatu: girka manhajar, fassara ta, gyara binciken haruffa, a kuma tura aikin ga al'ummar don ya shiga fitowa ta gaba. Magadan gari su sa kula da ɗakin karatu cikin kasafi, kuma kada a sake barin modepas a kan mutum ɗaya, a kwafe bayanai a kile a ajiye wani wuri kowane mako. Duk furoje da zai kawo kwamfuta a tambaye shi tun ranar farko: wa zai riƙe ta bayan kun tafi? Ma'aikatan ɗakunan karatu na jihohinmu su haɗu su raba aiki, wanda ya shigar da littafi a Tawa kada na Maradi ya sake wahala a kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙanena bai samu littafin ba ranar. Da za mu fita, dattijon ya ce mini, "Ɗana, na tabbata shina nan, wurin ne ban sani ba." Na yarda da shi. In akwai matashin da ya iya aikin nan cikin masu karanta wanga rubutu, ya yi magana a ƙasa, ni zan kai shi wurin da kaina mu ɗaga zanen nan. Allah shi ba mu ikon ramawa.