Ra'ayinmu: Wa Ke Sa Ido a Kan Makarantar Masu Allurar Barci?

Duk wanda ya taɓa kwana a kan benci a ƙofar ɗakin tiyata, yana jiran a fito masa da mata ko ɗa, ya san sunan mutum ɗaya ake tambaya, wato likitan da ya riƙe wuƙa. Idan aiki ya yi kyau shi ake kai wa zabi da doya, shi ake ambata ran Lahadi wajen baikon godiya. Amma akwai wani da ke zaune daidai kan majiyyaci, bayan labule, wanda ba a cika sanin fuskarsa ba. Shi ya sa majiyyacin barci, shi ke lura da numfashinsa har a gama, shi ne kuma zai tashe shi. A yawancin asibitocinmu na karkara, na gwamnati da na mishan, nas ne ke wannan aiki, wanda aka ƙara wa horo na musamman bayan ya gama karatun jinya.

Wata makaranta a nan Arewa da ke ba da irin wannan horo ita ce dalilin rubutunmu na yau. Ba za mu kama sunanta ba, domin ba tozarta kowa muke nema ba. Amma koke ya yi yawa daga ɗalibai da iyayensu, waɗansunsu 'yan ikilisiyoyinmu ne da muka sani tun suna ajin baftisma, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Ga abin da suke faɗa. Shugaban makarantar ba kasafai ake ganinsa ba, yau yana taro, gobe yana wata hidima tasa ta kansa a cikin gari. Jadawalin darasi yana manne a bango, amma mako yakan wuce malami bai shiga aji ba, sai a turo da takardun da aka buga a ce kowa ya saya. Takardun kuwa tsofaffi ne, waɗansu sun fi ɗaliban shekaru. Ɗalibin da ya yi tambaya a kan haka sai a tuna masa cewa jarrabawa tana nan tafe, kuma a hannun wa sakamako yake. Waɗannan duka suna da ciwo, sai dai ba su ne suka hana mu barci ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne maganar littafin aiki. Kowane ɗalibi yana da littafin da yake rubuta duk aikin da ya yi a ɗakin tiyata: allurar baya nawa ya yi, sau nawa ya zura bututun numfashi a maƙogwaro, yara nawa, masu ciki nawa. A gefen kowane layi akwai wurin da malami zai sa hannu, ma'ana ya tsaya ya gani da idonsa, ya kuma yarda ɗalibin ya yi daidai. To, ɗaliban sun ce a ƙarshen zango ake tara littattafan a kai ofis, a zauna a bi su da biro shafi bayan shafi. Sun kuma ce tun ba su yi nisa ba ake barinsu su kaɗai da majiyyaci da dare, saboda asibitin ba shi da isassun ma'aikata, ɗalibi kuwa ba a biyansa. Idan haka ne, wannan sa hannun shaidar zur ce, kuma wanda aka yi wa ƙaryar ba ya ofishin. Yana can wani ƙauye, bai ma san wata rana zai kwanta a gaban wannan ɗalibi ba.

Jama'a, bari mu ɗan faɗi abin da ke cikin aikin, don kada a ɗauka allura ce kawai a tsira a koma gefe. Maganin da ke sa mutum barci mai nauyi yakan rage numfashi ko ya tsayar da shi ɗungum, sai mai allurar ya ci gaba da yi wa majiyyaci numfashin da jakar iska ko da na'ura. Idan bututu ya kauce ya shiga hanyar abinci, ba a kuma gane ba, cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa za ta fara lalacewa don rashin iskar oksijin. Allurar baya da ake yi wa mata in za a ciro jariri takan sa jini ya sauka farat ɗaya, dole a riga an sa ƙarin ruwa, maganin ɗaga jinin kuma yana kusa da hannu. Mai ciki takan yi wuyar sa wa bututu, abin da ke cikinta kuma yana iya dawowa ya shiga huhu, shi ya sa ake hana cin abinci sa'o'i shida kafin aikin da aka shirya. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa an sha ɗaukar wata allurar tsayar da zubar jini a tsira wa majiyyaci a baya, a zaton allurar kashe jiki ce, saboda kwalaben sun yi kama, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Wa zai koya wa ɗalibi ya karanta rubutun kwalba da ƙarfi kafin ya zuƙa, in ba malamin da ke tsaye a bayansa ba? Takardar sayarwa ba ta buge hannun ɗalibi ta ce dakata.

Ba kuma mu muka ƙirƙiro ƙa'idojin ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwan da za a duba kafin a sa majiyyaci barci, kafin a yanka, da kafin a fitar da shi. A 2018 ita da ƙungiyar likitocin barci ta duniya suka sake fayyace cewa wanda ya ƙware ya kasance tare da majiyyaci daga farko har ƙarshe, kuma a maƙala masa 'yar na'urar nan ta yatsa mai nuna yawan oksijin a jini. Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2018, wanda aka yi a ƙasashen Afirka 25, ya nuna cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata a nahiyarmu ya ninka na sauran duniya sau biyu, alhali majiyyatanmu sun fi ƙuruciya. Wani ɓangare na binciken da ya fito a 2019 ya nuna cewa mutuwar mata bayan tiyatar haihuwa ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Ba mu ce laifin masu allurar barci ne duka ba, akwai rashin jini, akwai zuwa asibiti a makare. Amma ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da rarar da za ta yi wasa da horo.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Ƙidayar da ƙungiyar likitocin barcin ta buga a 2017 ta nuna Nijeriya ba ta kai likitan barci ɗaya ga mutum dubu ɗari ba, alhali biyar ake so a ƙalla, kuma 'yan kaɗan ɗin sun taru a manyan birane. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta ce a farkon 2024 nas kusan 42,000 suka bar ƙasar cikin shekara uku. Ƙwararrun da ya kamata su koyar suna cikin masu tafiyar. Mai yiwuwa shugaban makarantar ya gaji aji babu malamai, ya rubuta wa na sama har ya gaji. Idan haka ne, ya fito ya faɗa. Ya rage yawan ɗaliban da yake ɗauka zuwa adadin da zai iya koyarwa. Abin da ba za mu karɓa ba shi ne a ce babu malamai, amma kowace shekara ana cika aji, ana karɓar kuɗin makaranta, ana yaye kowa da kowa.

Saboda haka muna tambayar hukumar asibitin da makarantar ke ƙarƙashinta: da wane ma'auni aka naɗa shugaban? Don ya daɗe a aiki ne, ko don ya iya koyarwa? Yaushe rabonsa da tsayawa a ɗakin tiyata tare da ɗalibi? Malamai nawa ne na dindindin, ɗalibai nawa? A cikin waɗanda aka yaye a shekarun nan, an taɓa samun wanda aka ce bai isa ba, ya maimaita? Makarantar da ba ta taɓa kayar da kowa a irin wannan fanni ba, ko dai Allah ya ba ta haziƙai zalla, ko kuwa ba ta dubawa.

Ita ma majalisar jinya, wadda aka kafa da doka tun 1979, ita ke amincewa da makarantu, ita ke ba da lasisi, don haka nauyin yana wuyanta. Mun san yadda ziyarar masu duba makarantu takan kasance a ƙasar nan: a sanar tun da wata guda, a shafe bango da fenti, a aro kayan aiki daga maƙwabta, a yanka kaji. Muna roƙo wannan karon a zo ba sanarwa. A ɗauki littafin aikin ɗalibi ɗaya, a buɗe rajistar ɗakin tiyata, a gwada rana da rana, a ga ko malamin da ya sa hannu yana bakin aiki a daren. A gana da ɗalibai ba tare da malamansu a ɗakin ba.

Mu ma, 'yan'uwa, da namu laifin. Asibitocin ikilisiya da yawa suna tura nas karatun nan da kuɗin baiko, kuma abin da kwamiti ke jira shi ne ta dawo da satifiket da wuri a buɗe ɗakin tiyata. Ba mu taɓa jin kwamitin da ya tambaye ta aiki nawa ta yi a gaban malami ba. Har ila yau akwai halin nan namu na cewa wane ɗanmu ne, a rufa masa asiri kada waɗansu su yi mana dariya. Mun ji an fara irin wannan magana tun kafin rubutun nan ya kai maɗaba'a. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Matar da za a kwantar gobe da asuba ba ta tambayi ƙabilar shugaban makaranta ko majami'ar da yake zuwa ba.

Muna ba kwamitocin lafiya na ikilisiyoyi shawara, duk nas da ta dawo daga wannan horo a haɗa ta da wanda ya daɗe a aikin na 'yan watanni kafin a bar ta ita kaɗai, a kuma tabbatar akwai na'urar yatsa mai aiki da tukunyar oksijin da ba fanko ba kafin a karɓi majiyyaci ko ɗaya. Ɗaliban da ke tsoron magana kuwa su rubuta wa majalisar a tare, da kwanan wata da abin da ya faru, su ajiye kwafi.

Hukumar makarantar ta san kanta. Idan tana da amsa, wannan fili a buɗe yake gare ta a fitowa ta gaba, za mu buga ba tare da rage ko kalma ɗaya ba.