Keken giya a Jega, Aliero da Maiyama: a duba firam kafin a duba fenti

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, keke ya dawo da martabarsa a garuruwanmu. Litar fetur da ke ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta haye naira 1,000 a yawancin garuruwan Arewa.

Malamin firamare da ke kwana a Jega yana koyarwa a ƙauye, da ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da ke haya a cikin gari, da ma'aikacin ƙaramar hukumar Maiyama, kowa ya zauna ya yi lissafin abin da kabu-kabu ke cinye masa a wata. A 2001 an yi wa Ojo Maduekwe dariya lokacin da yake Ministan Sufuri ya ce mu koma hawan keke, musamman bayan da mota ta jefa shi kwata a Abuja yana kan nasa. Yau dariyar ta ragu.

Sai dai keken da ya cika kasuwa yanzu ba irin na iyayenmu ba ne. Gwanjo ne daga Turai da Asiya, mai giya, mai faɗin taya, wanda ake kira keken hawan dutse. A cikinsu akwai wanda ake ta yabo cewa yana yin kowane aiki: mai shokofsoba a gaba kaɗai, bayansa kuwa ƙarfe ne sandararre. Turawa na ce masa hadtel, wato mai taurin baya.

Kwanakin baya ƙanena da ke karatu a Aliero ya turo mini hoto a WhatsApp. Firam ne zalla, ba taya ba sarƙa, fentinsa sai ɗaukar ido. Mai sayarwa na Legas ya ce masa in ya haɗa shi, zai yi masa makaranta, ya yi gona, ya yi tsere. "Yaya, in saya?" ya tambaye ni.

Na ce masa irin keken ya dace da shi, amma wannan ɗin kada ya kusance shi. Dalilina shi ne: a yankinmu, darajar firam tana ga abin da mai gyaran keke na bakin kasuwa zai iya ɗaura masa, da abin da mai walda zai iya yi masa ranar da ya tsage.

Me ya sa mai taurin baya?

An ƙirƙiro keken hawan dutse ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, inda matasa irin su Joe Breeze da Gary Fisher suke gangarowa daga tsaunuka da tsofaffin kekuna. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. Don wasa aka yi shi, amma abin da ya sa ya iya tsauni shi ne ya sa ya iya hanyoyinmu.

Daga Jega zuwa Aliero, ko zuwa Maiyama, bai kai kilomita 20 ba, kuma kwalta ce. To amma wannan kwalta ita ce babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Koko da Yawuri, ta tireloli da motocin albasa. Mai keke yakan yi rabin tafiyarsa a gefen titi, cikin tsakuwa da zaizayar ƙasa, don ya tsira da ransa. Da zarar ya saki kwalta ya nufi Kimba ko Sabiyal ko Mungadi ko wata fadama a bakin gulbi, sai yashi da rani, taɓo da damina.

Faffaɗar taya, in aka ɗan rage mata iska, tana bin saman yashi maimakon ta nutse. Ƙaramar giya kuma tana bai wa mutum damar ci gaba da murza feda a inda mai baƙin keke zai sauka ya tura. Wanda ya taɓa isa aji riga jiƙe da gumi saboda turin keke a rairayi ya san darajar wannan.

Shi kuwa mai sifirin gaba da baya da ke burge yara, in mai araha ne, kyan ɗan maciji ne. Duk murzawa ɗaya sai ya lotsa, rabin ƙarfinka ya tafi a lilo. Mahaɗan da ke bayansa suna cika da ƙura su fara kaɗawa, yana da nauyi, kuma babu inda za a ɗaura kariya ta zauna daram. Na gaske da ake tsere da shi kuɗinsa ya fi na babur. Don haka wannan muhawara ba ta da tsawo: mai taurin baya ya fi.

Ƙarfe ko goran ruwa

A nan ne nake son mai karatu ya ɗan tsaya.

Yawancin kekunan zamani da alminiyom ake ƙera firam ɗinsu, wato goran ruwa. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, kuma ana iya yi masa siffa mai kyau. Amma yana da hali guda: yana tara gajiya. Kowane rami da aka faɗa, kowane buhu da aka ɗora, yana rage masa kwana, har ranar da zai tsage kusa da wata walda. Keken gwanjo kuwa ba wanda zai gaya maka shekara nawa ya yi yana shan wahala kafin a loda shi a kwantena.

In ya tsage, mai waldan ƙofa da taga ba zai iya masa komai ba. Waldarsa na buƙatar injin musamman da iskar argon, kuma irin alminiyom da aka fi amfani da shi, mai lamba 6061, yana rasa ƙarfinsa a inda wuta ta taɓa, sai an sake gasa firam ɗin gaba ɗaya a masana'anta. Abin da ake liƙawa a bakin titi yakan yi kyau a ido, ya saki a gangara. Aliero ta yi suna a duk Arewa wajen ɗorin karaya, amma ba dalili ba ne na mutum ya kai kansa.

Ƙarfe ya fi nauyi, yana tsatsa in an bar shi a ruwa. Sai dai yakan lanƙwashe ya ba da sanarwa kafin ya karye, kuma duk garin da ke da mai walda yana da asibitinsa. Akwai tsofaffin kekunan hawan dutse na shekarun 1990 da aka yi da ƙarfe mai inganci, za ka ga an rubuta Cr-Mo ko 4130 a jikinsu. Masu shago kan jingine su a baya saboda fentinsu ya koɗe. A ganina su ne zinariyar tulin.

Gane su ba wuya. Ka tafi da mayen ƙarfe na tsohuwar sifika a aljihu. In ya manne, ƙarfe ne.

Tayar da babu ita a kasuwa

Matsala ta biyu ita ce awo. Da, keken hawan dutse inci 26 ne tayarsa, shi ke nan. Yanzu an koma 27.5 da 29. Kowacce da gargarenta: ta 26 faɗinsa milimita 559, ta 27.5 milimita 584, ta 29 kuma 622. Kada a ruɗe ka da cewa tayar baƙin keke mai inci 28 za ta shiga, domin nata gargaren milimita 635 ne. Ba a yi musu aure.

A ƙasar tsidau da ƙayar aduwa, taya da tub su ne cefanen keke. Kafin ka biya kuɗi, je wurin mai faci mafi kusa da gidanka ka tambaye shi wace taya ce yake da ita a rataye. Na yi wa wani dattijo mai gyara a Jega wannan tambaya, na nuna masa hoton da ƙanena ya turo. Ya juya wayar ya duba wajen da wili ke shiga, ya miƙo mini. "Malam, wannan ko kyauta aka ba ka, ado ne na ɗaki. Ni dai ba ni da abin da zai shiga nan."

Abin da ya gani shi ne ramin aksil. Tsohon tsari buɗaɗɗen baki ne mai faɗin milimita 135 a baya, wanda wilin gwanjo na yau da kullum ke shiga. Sabon tsari rufaffen rami ne da ake zura ƙaton aksil a ciki, mai faɗin 142 ko 148. Haka wuyan firam ɗin: na zamani ƙasansa ya fi samansa faɗi, sai fok irin nasa. Haka gidan feda: na da zare gare shi, ana kwancewa da sifana a zuba boris da giris, na yanzu da yawa dannawa ake yi da na'ura.

Birki ma haka. Mai faifai da ke aiki da mai yana kamawa sosai, ba musu, musamman a ruwa. Amma ranar da tiyonsa ya yi yoyo a kan hanyar Andarai, sai dai ka ja da ƙafa. Birkin waya kuwa, ko na roba da ke matse gargare, ko yaron shago ya iya shi.

Wannan ne ya sa sayen firam zalla ya zama tarko ga mai ƙaramin ƙarfi. Farashinsa kan yi kama da araha, amma sauran wili biyu, fok, kan keke, sirdi, sarƙa, giya, birki, feda, kowanne da kuɗin aikowa daga Kano ko Legas, kowanne kuma da yiwuwar ya zo bai shiga ba. Kamfani na sayen waɗannan kaya dubu-dubu, kai kana sayen ɗaya-ɗaya. Haɗa keke daga firam sana'a ce ta wanda ya riga ya tara kayan gyara, ko wanda tsohon kekensa ya karye sauran kayan na nan lafiya. In kai ne wannan, to saya, amma ka tafi da tsohon wilinka ka gwada a gaban mai kaya.

Maganar "kowane aiki"

Dole a faɗi gaskiya: keken da ke yin komai bai wanzu ba. Manomin da zai ɗauko buhun albasa daga rudu zuwa kasuwar Aliero, ko jarkoki huɗu daga rijiyar burtsatse, baƙin keke ne nasa, irin su Raleigh da Phoenix da Hero, mai birkin sanda da kariyar da maƙeri ya ƙara wa ƙarfi. Doguwar jikinsa da kaurin sifokinsa don kaya aka yi su. Ƙungiyar World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keke don karkarar Zambiya da Kenya da Malawi, ba ta yi na giya mai sifirin ba. Ta yi Buffalo, na ƙarfe, mai sauƙin gyara, da kariyar da ke ɗaukar kilo 100. Sun san abin da suke yi.

Mai taurin baya na tsaka-tsaki ne: mutum ɗaya, jakar littattafai, rabin buhun taki, kwanon abinci zuwa gona. Ko wannan ɗin ma sai firam ɗin na da ƙananan ramukan noti kusa da aksil na baya da kuma ƙarƙashin sirdi, inda ake ɗaura kariya da madgad. Da yawa daga na tsere ba su da su. In babu, ka sayi keken motsa jiki ne kawai.

Akwai masu cewa ina raina ci gaba, cewa in kowa ya tsaya kan inci 26, yaushe 'yan kasuwa za su kawo 29? Suna da gaskiyarsu. Babbar taya ta fi daɗin tafiya a kan gargada, kuma yadda Turai ta daina yayin 26, gwanjon da zai riƙa zuwa nan gaba zai canza, kayan gyara su biyo shi. Mai hali da ke hawa don nishaɗi da Asabar, wanda zai iya jingine keke mako biyu yana jiran saƙo, ya sayi abin da ransa ke so. Amma wanda ke da lacca ƙarfe takwas, ko rajistar zuwa aiki, ba shi ne zai yi wa kasuwa gwaji da kuɗin abincinsa ba.

Shi kansa shokofsoban gaban kada a biya kuɗi mai yawa saboda shi. Na araha, hunturu biyu ya isa ƙura ta sandarar da shi, ya zama nauyi kawai. Alherin tsohon firam mai miƙaƙƙen wuya shi ne ana iya cire shi a sa fok na ƙarfe zalla, tafiya ta ci gaba.

In ka je saye, ka je da rana, ka goge ƙurar da tsumma. Duba kowace walda, musamman ƙarƙashin wuya da gidan feda. Fentin da ya yamutse a bayan wuya alama ce ta an taɓa yin karo da shi. Kwance notin sirdi ka ga sandar na motsi, don in ta manne da tsatsa ba ta fita ta daɗi. Ɗaura zare daga bakin aksil na dama, ya zagaye wuya ya dawo na hagu: in tazarar zaren da sandar sirdi ba ɗaya ba ce a ɓangarorin biyu, firam ɗin ya karkace. Tsaya da shi tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai sarari tsakaninka da sandar sama. Sannan ka kifa shi ka karanta lambar da ke ƙarƙashin gidan feda, a rubuta ta a rasit, domin yadda keke ya yi daraja haka ɓarayinsa suka ƙaru.

Ƙanena dai ya bar na Legas. Ya sayi wani tsohon na ƙarfe, inci 26, shuɗi da ya koɗe har ya koma ruwan toka. Dattijon nan na Jega ya canza masa sarƙa da wayar birki, ya ɗaura masa kariya daga wani mataccen keke. Ƙorafinsa guda har yanzu: abokansa na ce masa keken limami.