Arziki Rigar Ƙaya: Dukiya da Tsafta a Garin Wadanni

 A wannan makon za mu leƙa wani wasa da ba a cin sa da saurin yatsa. Babu tsere a cikinsa, babu bugun ƙwallo. Gari ake ba ka ka gina, ka ciyar da mutanensa, ka kare su. Sunansa Dwarf Fortress, wato ganuwar wadanni, kuma abu biyu ne suka fi rusa garin sabon ɗan wasa a cikinsa: dukiyar da bai iya riƙewa ba, da ƙazantar da ya raina.

Wasu 'yan'uwa biyu 'yan Amurka ne suka ƙirƙiro shi, Tarn Adams da yayansa Zach. Sun fara aikin a 2002, suka sake shi kyauta a intanet a 2006. Tarn yana da digirin digirgir a lissafi daga Jami'ar Stanford, amma ya ajiye aikin jami'a ya rungumi wannan wasa. Shekara da shekaru wasan ba shi da zane, haruffa da alamomin rubutu ne kawai ke yawo a allo. Duk da haka a 2012 wani babban gidan adana kayan fasahar zamani da ke birnin New York ya sa shi cikin wasannin farko da ya adana, kuma wanda ya ƙirƙiro Minecraft ya ambace shi cikin wasannin da suka ba shi basira. A watan Disamba na 2022 aka fitar da mai zane na sayarwa a dandalin Steam, na kyautan kuma yana nan har yau.

Ana farawa da wadanni 7 da amalanke ɗaya na kaya a bakin wani dutse. Ba ka tuƙa kowa da hannunka. Umarni kake bayarwa: a haƙa nan, a sare itacen can, a yi gona a cikin kogo. Kowane wada yana da sunansa da halinsa, da abin da yake so da abin da ke ɓata masa rai. Wannan na ƙarshen shi ne mabuɗin wasan, domin garin da mutanensa suka cika da ɓacin rai ba ya buƙatar abokin gaba kafin ya rushe.

Dukiya tana da murya

Wasan yana lissafa darajar duk abin da ka samar. Kujerar dutse, kofin zinariya, gunkin da aka sassaƙa, har abincin da aka dafa, kowanne da kuɗinsa. Sabon ɗan wasa yana ganin adadin na hawa sai murna ta kama shi, ya ƙara wa maƙera aiki. Abin da bai sani ba shi ne wannan adadi ba shi kaɗai ke kallonsa ba.

Da kaka ayarin wadanni yakan zo daga babban birninsu, ya yi ciniki, ya koma gida da labari. Idan labarin ya ce garinka ya yi arziki, sai baƙi su yi ta kwararowa. Ka kwana da mutum 20, ka wayi gari da 50, alhali gadajenka 20 ne, gonarka ma ta mutum 20 ce. Ga yunwa, ga masu kwana a ƙasa suna gunaguni.

Ba baƙin arziki kaɗai ke jin labari ba. Da farko ɓarayi ne ke lallaɓowa ɗaya-ɗaya. Daga baya, yayin da jama'a da dukiya suka ƙaru, sai rundunar dodanni ta zo ta yi wa garin zobe. Akwai ma manyan halittu irin dodon nan mai aman wuta, waɗanda ba sa kula ƙaramin ƙauye sai ya yi ƙiba. Haka abin yake a wani wasan mai kama da shi, RimWorld, wanda ya fito a 2018: gwargwadon dukiyar da ka tara, gwargwadon ƙarfin maharan da za a turo maka. Hausawa sun ce arziki rigar ƙaya, to a nan za ka ga ƙayar da idonka.

Shin mafita ita ce a zauna cikin talauci? A'a. Mafita ita ce ka tambayi kowane kaya: me kake yi mini? Ƙarfen da aka ƙera sulke da gatari da shi dukiya ce mai tsaron kanta. Zinariyar da aka jibge a ɗaki ba ta tsare kowa, maharan kawai take kira. Ƙwararrun 'yan wasa sukan gina ƙofa mai ƙarfi da gadar da ake ɗagewa, su horar da dakaru, kafin su taɓa jijiyar zinariyar da suka gano. Ta jira, ba inda za ta.

Akawu kafin attajiri

Akwai wani ɗan ƙaramin muƙami da sababbi ke mantawa da shi: akawu. Idan ba ka naɗa shi ka ba shi ofis da kujera ba, wasan ba zai faɗa maka ainihin abin da ke rumbunka ba. Ƙiyasi kawai za ka gani. Kana zaton kana da abincin shekara, ashe na wata biyu ne. Wanda bai san abin da yake da shi ba, ba zai san ranar da zai ƙare ba.

Haka kuma kana buƙatar dillali da zango. Ayari uku ne suka saba zuwa: na mutanen kurmi masu dogayen kunnuwa a farkon shekara, na 'yan Adam a tsakiyarta, sai na wadanni da kaka. Kowanne da halinsa. Mutanen kurmi suna girmama itatuwa, idan ka kuskura ka miƙa musu kayan katako, ko da akwatin da ka zuba hajar ne, sai su yi fushi ciniki ya watse. Kuma babu bafataken da zai yarda ya tafi ba riba. Dabarar da ta fi ita ce ka sayar da abin da ya yi maka yawa, kamar kayan ado na dutse da tsofaffin tufafin da wadanni suka yar, ka sayo abin da ba ka iya samarwa: iri, zare, ƙyalle, ƙarfe. Da jifa ɗaya ka rage tarkace, ka cike giɓi.

Arziki yana kuma haifar da masu sarauta. Idan jama'a suka kai 50 sukan zaɓi magajin gari, daga baya manyan hakimai su biyo. Kowannensu yana son ɗaki na alfarma, yana kafa doka: a ƙera masa kaza, kada a sayar da kaza. Idan ba a cika ba, wani talakan wada ne zai sha hukunci. Wannan ma kuɗin arziki ne, sai a sa shi cikin lissafi tun da wuri.

Hayaƙi mai launin shunayya

Yanzu mu juya ga tsafta. Garin wadanni a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma duk abin da ya ruɓe a can, ko nama ne da aka bari a mahauta, ko mushen dabba, yana fitar da wani hayaƙin ɗoyi mai launin shunayya da ke cika lungu. Duk wadan da ya ratsa ta ciki sai ransa ya ɓaci. Maganin mai sauƙi ne: a yi juji a waje, a sarari, domin abin da ya ruɓe a fili ba ya tara wannan hayaƙi. A kuma tanadi ganguna a kusa da mahauta da madafa, don kada abinci ya kwana a ƙasa.

Wanda ya raina wannan zai ga yadda ƙaramin abu ke girma. Wada ya shaƙi ɗoyi, ya kwana a ƙasa, rigarsa ta yage, sai ya fusata ya fasa tebur ko ya naushi maƙwabcinsa. Wanda aka nausa ya mutu, abokansa su shiga baƙin ciki, su ma su fusata. Idan ba a binne mamacin ba, fatalwarsa ta dawo tana firgita mutane. Kafin ka ankara gari ya ci kansa, alhali ko dodo ɗaya bai zo ba. Asalin abin kuwa wani guntun nama ne da ba a ɗauke ba.

Ga wani abin lura. A cikin wasan hayaƙin nan ba ya sa cuta, rai kawai yake ɓatawa. Sunan da aka ba shi an aro shi ne daga wani tsohon zato na likitocin Turai, cewa mugun wari ne ke kawo annoba. A 1854, da kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen da aka yi mace-mace, ya gano cewa yawancinsu daga famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, a titin Broad. Ashe ruwan ne, ba iskar ba. Wari gargaɗi ne, amma ƙwayar cuta ta ruwa da hannu da rauni take shiga. A garin wadanni ma ta nan ajali ke zuwa.

Toka, kitse da guga

Idan wada ya ji rauni, ana kai shi asibitin da ka gina. Likita zai duba shi, a wanke raunin, a ɗinke, a yi ɗori idan akwai karaya, a naɗe da ƙyalle. Matakin wankin nan shi ne mai raba rai da mutuwa. Idan aka wanke da ruwan kududdufi, ko aka wanke babu sabulu, raunin yana iya rurewa. Sai ka ga jarumin da ya kori rundunar dodanni ya mutu a gado saboda yankan da bai kai tsawon yatsa ba.

Saboda haka rijiya mai ruwa mai kyau a kusa da asibiti wajibi ce, sabulu ma haka. Sabulun kuwa ba ya faɗowa daga sama. Sai an sare itace an ƙona shi ya zama toka. A kai tokar wani ɗakin aiki tare da guga a tace ruwan toka. A yanka dabba, a narka kitsenta a madafa, ko a matse mai daga 'ya'yan tsiro. Sannan mai yin sabulu ya haɗa biyun. Sana'o'i kusan biyar ke nan saboda sabulu ɗaya, kuma idan guga ya yi ƙaranci duk layin ya tsaya.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sabulun salo ya san da ruwan toka da mai ake yin sa. 'Yan ajin kimiyya kuma za su haɗu da shi a darasin kimistiri: idan aka dafa mai ko kitse da sinadari mai kaifi irin na ruwan toka, sabulu ne ke fitowa. Ƙwayar sabulu tana da kai biyu, ɗaya yana kama maiƙo, ɗaya yana kama ruwa, shi ya sa take ɗauke dattin da ruwa kaɗai ba zai iya ba.

Wasan yana bin diddigin datti har abin ya ba da dariya. Jini da laka da amai suna manne wa ƙafa, a yi ta yawo da su. A ƙarshen 2015, bayan an ƙara gidajen shaƙatawa a wasan, 'yan wasa suka fara tsintar kyanwoyinsu a mace. Da aka bincika, ashe suna taka barasar da wadanni suka zubar a ƙasa, su lashe ƙafafunsu don yin wanka, kwamfuta kuma ta lissafa kowace lasa a matsayin kofi guda cur. An gyara kuskuren, amma ya nuna yadda komai ke haɗe da komai a wannan duniya.

Inda biyun suka haɗu

Idan kun lura, matsalar dukiya da ta tsafta tushensu ɗaya. Kaya sun yi yawa, masu ɗauka sun yi kaɗan. Wadan da ke jigilar kofunan zinariya ɗari zuwa rumbu, shi ne wanda ya kamata ya kwashe mushe daga bakin madafa. Sabulu kuwa ba ya ƙara wa gari wani suna, shi ya sa ake barin sa sai ranar da aka kawo masu rauni, ranar da ba ya samuwa.

Don haka ga jerin da muke ba duk mai son gwadawa: abinci da abin sha tukuna, sai gadaje, sai juji a waje, sai akawu, sai rijiya da asibiti da sabulu, sai ƙofa da dakaru. Ado shi ne na ƙarshe. Kuma ku sani wasan ba shi da ranar nasara, kowane gari wata rana zai faɗi, har masoyansa suna yi masa kirari da cewa faɗuwar ma daɗi gare ta. Abin da ake nema shi ne ka gane dalilin faɗuwar, gari na gaba ya fi na baya daɗewa.

Gargaɗi ɗaya: wasa ne mai cin lokaci ƙwarai, kuma a kwamfuta ake yin sa. Masu shirin WAEC da NECO su bari sai an ajiye alƙalami.

Wanda ba shi da kwamfuta ma ga aikin mako. Ku ɗauki takarda ku zama akawun kanku na kwana 7: ku rubuta duk abin da ya shigo hannunku da duk abin da ya fita. 'Yan makarantar kwana su ƙara da leƙa akwatinsu, su ƙirga abin da ke ciki, su ga ko sabulu zai kai ranar ziyara. Ku aiko mana da abin da kuka gano, za mu buga waɗanda suka fi ma'ana. Sai mako mai zuwa.