Waiwaye: Jinin Malam Ja'afar da Haƙƙin Magada

Da asubahin Juma'a, 13 ga Afrilu, 2007, ana gobe zaɓen gwamnoni, 'yan bindiga suka kutsa masallacin Almuntada da ke Ɗorayi a Kano, suka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana jan sallah. Malamin da jama'a ke tururuwa zuwa karatunsa a masallacin Usman bin Affan na Gadon Ƙaya, suke ɗokin tafsirinsa na azumi a masallacin Indimi na Maiduguri, a gaban mamunsa aka kashe shi. Har yau babu kotun da ta ce ga wanda ya yi, ga wanda ya turo shi.

Ba kansa farau ba. Ranar 10 ga Yuli, 1981, a tarzomar da ta biyo bayan takardar tuhumar da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, aka ƙone gidansa. Mai ɗakinsa, Hajiya Naja'atu, ta yi shekaru tana maganar. A Janairun 2006 kuma aka kashe Hajiya Sa'adatu, matar Rimin, a cikin gidanta. Duka ukun sun bi hanya ɗaya: a fara bincike, daga baya shiru.

In iyalin mamaci suka matsa da tambaya, abin da muke ce musu shi ne, "Ku yi haƙuri, ku bar wa Allah." Magana ce mai kyau daga bakin mai ta'aziyya, amma ba ta dace da bakin hukuma ba. Shari'ar Musulunci ta ba magadan wanda aka kashe da gangan zaɓi uku: ƙisasi, ko diyya, ko afuwa. Babu ɗaya da zai yiwu sai an san mai laifin. Iyalin da aka bari cikin duhu an tauye musu har damar yin afuwa, domin wa za su yafe wa?

Ɓarnar ba ta tsaya a gidan mamaci ba. Inda hukuma ta yi gum, zargi ne ke cin kasuwa. Bayan rasuwar Malam Ja'afar kowane ɓangare ya nuna abokin hamayyarsa da yatsa, na siyasa da na aƙida, aka shafa wa mutane baƙin jini ba tare da hujja ba. Mai laifin na gaskiya kuwa ya samu mafaka a cikin hayaniyar.

Yawancin irin wannan bincike tun ranar farko yake mutuwa. Jama'a su cika wurin su tattake shaida, wani ya tsinci kwanson harsashi ya jefa aljihu, a yi jana'iza likita bai rubuta komai ba. Wanda ya gani da idonsa ya kama bakinsa don tsoro. Bayan 'yan watanni a yi wa jami'in da ke riƙe da fayil canjin wurin aiki.

A nan Wudil muke da Kwalejin 'Yan Sanda, inda ake yaye hafsoshi masu digiri da za su riƙe ofisoshi a faɗin ƙasar nan. 'Ya'yana ɗaliban kwalejin, ku sani laifin kisan kai ba ya tsufa a dokar Najeriya. Fayil ɗin da ya yi ƙura ana iya buɗe shi. Mu kuma jama'a, wanda ya san wani abu ya faɗa, domin ɓoye shaida zunubi ne. Magadan da ke tambaya kuwa, a daina kiransu marasa tawakkali: haƙƙinsu suke nema.